Katun Ne Ai, Na Yara Ne

Mu dai a unguwar nan Allah ya hore mana baiwar taƙaita suna. Duk garin wanki Omo ne, duk sinadarin miya Maggi ne, duk man goge baki Makilin ne, duk wanda ya fito daga gabashin Asiya ɗan Chana ne ko da a Tokyo aka binne cibiyarsa. Haka nan duk abin da aka zana yana motsi a talabijin ko a waya, sunansa katun. Da an ce katun kuwa an gama shari'a, na yara ne, ba ɗaukaka ƙara.

Abin da ya jawo maganar nan ya faru ne a teburin mai shayinmu bayan sallar isha'i. Mai cajin wayar bakin layi, mutum da gemunsa, har an kai masa kuɗin gaisuwa gidan su yarinya, ya zauna a ƙarshen benci ya kafa wa waya ido. Shayinsa ya huce har ya yi fata. Can sai muka ga yana goge ido da hannun riga. Telanmu, wanda ba ya ganin abu ya wuce shi, ya dafa kafaɗarsa.

"Malam, lafiya? Daga gida ne?"

"Jiraiya ne ya rasu."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan wace unguwa ne? Yaushe za a kai shi?"

Sai ya juyo masa da wayar. Wani tsoho ne mai farin gashi buzu-buzu, zane, yana nutsewa cikin ruwa. Tela ya janye hannunsa kamar ya taɓa tukunyar shayi. "Kai, don Allah ka ji tsoron Allah! Katun? Na ɓata salatina a kan katun? Wannan ba shi ne abin da autana ke kallo ba?"

Nan fa benci ya kece da dariya. Kuma tela bai yi ƙarya ba, don da yamma duk mun ga autan nasa da tawagarsa suna tsere a lungu, sun sunkuyar da kai sun miƙar da hannuwa baya kamar agwagin da aka koro. Ɗaya daga cikinsu ya samu murfin gwangwanin madara ya huda shi gefe biyu, ya zura tsumma, ya ɗaure a goshi. In sun tsaya sai su riƙa harhaɗa yatsu suna ihu, wai sun zama mutum goma. Wannan duk aikin Naruto ne.

To, na waye Naruto? Na yaran lungu ne ko na mai gemun da ke kuka? Musun da ya ci mana daren ke nan.

A cikinmu akwai wani ɗan maƙwabcinmu da ke jami'a, shi ne ya shiga tsakani. Ya ce, "Kawu, ai su masu abin ba su ce katun kawai su yi shiru ba. Sun rarraba shi gida-gida." Ya ce a Japan yawancin waɗannan finafinai, da suke kira anime, daga labarin zane na takarda suke farawa, wato manga, kuma manga a mujalla take fitowa mako-mako ko wata-wata. Kowace mujalla da masu sayenta. Akwai ta ƙananan yara, su ce kodomo, irin su Doraemon, kyanwar nan shuɗiya mai aljihu a ciki. Akwai shonen, ta samari masu tasowa, kamar daga shekara 12 zuwa 18. Akwai shojo ta 'yan mata, irin su Sailor Moon. Akwai seinen ta maza manya, akwai josei ta mata manya.

Naruto a mujallar Weekly Shonen Jump ya fito, wadda kamfanin Shueisha ke bugawa tun 1968. Wani mai zane, Masashi Kishimoto, ya fara shi a 1999, bai ajiye alƙalami ba sai 2014, babi 700 cif, aka ɗinke su littafi 72. Na kallon kuma ya fara a 2002 da kashi 220, sannan ci gabansa mai suna Shippuden ya ɗauka daga 2007 zuwa 2017 da kashi 500. Mai shayi, da yake lissafi sana'arsa ce, ya tambayi tsawon kowane kashi. Aka ce masa kamar minti 23. Ya ɗan yi shiru yana motsa baki, sannan ya ce, "Kwana 11 da rabi ke nan ba barci ba salla. Lallai cajin waya da riba."

Tela ya ce to ai magana ta ƙare, su da kansu sun ce na samari ne, mai gemu ya ji kunya. Ɗalibin ya ce a'a, a nan ne mutane ke yin tuntuɓe. Shonen ba irin labari ba ne, sunan kwastoma ne. Ya ce, "Kawu, in ka shiga Kantin Kwari akwai inda shadda ta fi yawa, akwai inda atamfa ta fi yawa. Mace ba ta sayen shadda?" Tela ya ce tana saya mana, shi da kansa ya ɗinka wa mata shadda ba adadi. "To haka ne. Shagon yana gaya maka wanda aka sa rai zai shigo, ba ya hana wani shiga, kuma ba ya gaya maka ko yadin mai kauri ne ko shara-shara."

Ni ma a nan na tuna da namu. Masu sayar da littattafan Hausa sun san mata suka fi ɗaukar na soyayya, samari suka fi ɗaukar na yaƙi. Amma wa bai san magidancin da ke ɗauke littafin matarsa ya shige ɗaki ya turo ƙofa ba?

Akwai ma wata alama da ɗalibin ya faɗa wadda ta burge Malam, mai makarantar allon bayan layinmu, da ya zo sayen biredi ya tsaya sauraro. Rubutun Japan yana da haruffa masu wuya da suka aro daga Sin, dubbai ne, yaro ba ya gama saninsu sai ya yi nisa a makaranta. Saboda haka a mujallun samari ana ɗora wasu ƙananan haruffa a gefen masu wuyar don su nuna yadda ake furta su. A mujallun manya yawanci ba a damuwa da sa su. Malam ya gyaɗa kai ya ce, "Wasali ke nan. Ɗan farawa a sa masa wasali, wanda ya yi nisa a ba shi baƙi zalla." Wannan ne karo na farko da na ga Malam ya yarda da wani abu da ya fito daga cikin waya.

Irin labarin kuma daban ne, shi ne abin da muke nufi in muka ce fim ɗin faɗa ko na soyayya ko na ban dariya. Ta wannan fuskar Naruto labarin faɗa ne da yawon kasada, an zuba masa siddabaru da barkwanci. Mu da muka tashi a gidan kallo mun san tsarin, akwai jarumi akwai bos, sai dai a nan in an gama da bos sai a tarar ashe yaron wani bos ne. Ita mujallar Jump an san ta da ginshiƙai uku: abota, ƙoƙari, nasara. Su ne a Dragon Ball, su ne a One Piece, su ne a nan. Naruto yaro ne maraya a garin Konoha, an rufe wata yanyawa mai wutsiya tara a cikinsa tun ranar da aka haife shi, gari ya tsane shi, iyaye na janye 'ya'yansu in ya zo wasa. Shi ne na ƙarshe a aji, amma ya rantse sai ya zama Hokage, wato shugaban garin. Abincinsa kuwa taliya ce mai romo da suke kira ramen, wadda mu tuni muka raɗa mata Indomie.

Da aka zo kan maraicin nan mai cajin waya ya samu bakin magana. Ya ce shi yana ɗan shekara 13 ya fara kallo, a faifan da ake haya, kusan sa'an Naruto, wanda aka buɗe labarin yana ɗan 12. Yaron ya girma a gabansa, ya yi malami, wato Jiraiya, malamin ya mutu, ya yi aure, ya haihu, har yanzu ga labarin ɗansa Boruto ana yi tun 2016. "To Kawu, wanda kuka tashi tare, malaminsa ya rasu, ba za ka ji komai ba?" Tela ya ce shi dai bai tashi da zane ba. Amma muryarsa ta ɗan sauka, don kowa a bencin ya san ya taɓa rufe shago da wuri saboda fim ɗin Indiya, ya dawo ido jawur ya ce ƙura ce.

Dariyar mai gemu ba ita ce ɓarnar wannan ɗabi'a tamu ba. Shi babba ne, zai shanye. Ɓarnar tana ɗaya gefen. Tunda mun yanke cewa duk zane na yara ne, sai uwa ta ba yaron gida waya ta ce a je wajen masu tura fim a cika mata da katun saboda ƙannensa su bar ta ta yi girki. Mai turawa ya zuba abin da ke kwamfutarsa. A miƙa wa ɗan shekara biyar, a juya baya. Fim ɗin mutane in an ga an fara abin da bai dace ba, da gudu ake kashewa. Zane kuwa ko leƙawa ba a yi.

Alhali a cikin Naruton nan akwai Itachi, wanda ya karkashe danginsa a dare ɗaya, har uwa da uba, ya bar ƙanensa Sasuke yana ƙaramin yaro a kan gawarwaki. Akwai ta da matattu a sa su yaƙi, abin da ya sa Malam ya yi a'uziyya. Shi kansa Jiraiyan da ake wa kuka, da leƙen mata a wurin wanka aka fara nuna shi, kuma tun kashi na farko Naruto yana rikiɗa ya zama budurwa ba sutura sai hayaƙi don ya ruɗa malaminsa. Ɗan shekara 15 zai iya tambaya a yi masa bayani, ɗan shekara biyar kuwa haɗiyewa kawai zai yi.

Kuma kada wani ya ce to shi ke nan, mun koyi kalma, duk inda muka ga shonen mun san na samari ne mai sauƙi. Attack on Titan, na Hajime Isayama, a mujallar shonen ya fito daga 2009 zuwa 2021, amma a kashin farko wani ƙaton dodo ya cinye uwar jarumin a gaban idonsa. Death Note, labarin ɗalibin da ke kashe mutane ta hanyar rubuta sunansu a littafi, a mujalla ɗaya ya fito da Naruto. A gefe guda kuma akwai K-On!, 'yan mata 'yan sakandare suna kiɗa suna shan shayi da kek, amma seinen ne, don mujallar maza manya ce ta buga shi. Mai shayi ya ce wannan na ƙarshen ya yi masa, tunda ana shan shayi.

Ko tashar Larabawan nan ta yara, Spacetoon, da masu dish suka sani, ba ta tara komai a kwando ɗaya ba. Ta raba shirye-shiryenta duniya-duniya, ta faɗa daban, ta wasanni daban, ta ban dariya daban, ta 'yan mata daban. Mu ma ai mun iya rabon in mun ga dama. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi kaka ce ke bayarwa, tana kallon fuskar jikokinta, in ta ga ƙarami ya fara maƙalewa a jikinta sai ta sassauta wajen Dodo. Waya ba ta kallon fuskar kowa.

Da dare ya yi nisa tela ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ce shi dai har gobe katun katun ne, kuma ba zai sake yi wa zane salati ba. Amma kafin ya tafi ya tambayi ɗalibin, ƙasa-ƙasa, a kashi na nawa ne aka yi kisan dangin nan, don yana so ya duba wayar uwar yara. Mai shayi kuma ya karɓi kuɗin shayin da ya huce, bai rage ko naira ba.

Hukuncin teburinmu dai ga shi: Naruto shonen ne, labarin faɗa da kasada da barkwanci, an yi shi don samarin da suka kai sakandare, babba in ya kalla ba abin kunya ba ne, ɗan firamare na ƙasa kuma bai kai ba. Iyaye, kafin ku miƙa wa yaro waya ku ce ga katun, ku zauna ku kalli kashi biyu ko uku da idonku. Duka-duka bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba.