Turaren Uwargida da 'Yan Kwana-kwanan Ingila

Tun watan Janairun 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana ɗaliban ƙasashen waje masu digiri na biyu tafiya da iyali, in ban da masu karatun bincike da waɗanda wata gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Wannan doka ce ta raba wani malamin makaranta ɗan Tudun Wadar Gusau da uwargidansa, kuma in za a bi salsala, ita ce ta fitar da mutanen bene guda waje cikin sanyi a daren Talatar makon jiya. Ya haɗa ni da girman zumunci kada in kama sunansa, don haka Malam kawai za mu ce.

Malam ya sayar da filinsa na hanyar Bunguɗu, ya haɗa da adashe da gudummawar 'yan'uwa, ya biya kuɗin makaranta da fam 776 na asibiti da ake karɓa a hannun ɗalibi baƙo kowace shekara, ya bi ta Tsafe da Funtuwa zuwa Abuja, ya hau jirgi. Uwargida ta cika masa jaka da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. Kilishi kaɗai aka cire, don Ingila ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga ƙasashenmu. Can ƙasan jakar kuma, cikin tsohuwar atamfa, ta naɗe masa ƙaramin kasko da kwalbar turaren wuta haɗin Maiduguri, mai sandal da hawi da kajiji. Ta ce in kewar gida ta dame shi, ya sa.

Garin da ya sauka ƙaramin garin jami'a ne a arewacin Ingila. Ɗakinsa na hawa na uku a gidan kwanan ɗalibai, tagar ba ta buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu, kicin ɗaya su shida. Tun da aka mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, la'asar da magariba suna neman haɗuwa a hanya. Kafet na warin danshi, kicin na warin abin da ba a son faɗa. Kewar gida ta samu wurin zama.

Maƙwabcin ɗakinsa Ba'amurke ne ɗan jihar Ohayo, mai digiri na uku a tarihi, shekararsa biyu a garin, ya kuma naɗa kansa sarkin baƙi ba tare da an yi masa rawani ba. Shi ma fa baƙon ne. Har yau in zai tsallaka titi hagu yake fara dubawa, daidai da Malam, tunda Najeriya ta koma tuƙin dama irin na Amurka a 1972, Ingila kuwa tana nan a hagunta. Kullum cikin mita yake: me ya sa famfon ruwan zafi daban na sanyi daban, me injin wanki yake yi a kicin, wane ne ya ce manyan kantuna su buɗe awa shida kacal ranar Lahadi. Amma da ya ga sabon zuwa, sai ya gyara murya ya fara darasi.

Daren da abin zai faru, Malam ya sayo gawayi irin na masu shisha a shagon wani ɗan Fakistan. Abin lura, tun da aka haife shi bai taɓa sa turaren wuta da hannunsa ba. A gida yakan dawo daga sallar isha'i ya tarar ɗaki ya ɗauki ƙamshi, bai kuma taɓa tambayar nawa ake zubawa ba. Uwargida da yatsu uku take ɗiba. Malam ya ɗiba da cokalin cin abinci, ya duba ya ga kamar ya yi wa kansa rowa, ya ƙara wani.

Ya kunna gawayin a kicin, ba abin da ya motsa, sai hankalinsa ya kwanta. Ashe na'urar da ke rufin kicin zafi take aunawa, don kada suyar ƙwai ta riƙa tayar da mutane. Ta cikin ɗaki ce mai kamun hayaƙi, wata farar aba mai ƙyafta jar fitila, wadda Malam ya ɗauka ta intanet ce, har yakan matsa ƙarƙashinta in waya ta yi nauyi. A cikinta akwai ɗan siririn haske. Da hayaƙi ya shiga ya warwatsa hasken, sai ta kai ƙara. Dokar Ingila tun Oktoban 2015 ta wajabta wa masu gidajen haya sa irinta a kowane hawa, gidajen ɗalibai kuwa duk a haɗe suke, ɗaki ɗaya ya yi kuka, bene duka ya amsa. Ba su yi haka a banza ba. Gobarar 1666 daga gidan burodi ta tashi ta cinye yawancin tsohon birnin Landan, ta benen Grenfell kuma a Yunin 2017 ta ci rayuka 72. Mutanen nan ba su wasa da hayaƙi.

Malam ya rufe ƙofa, ya zuba turare a garwashi, ya jingina da bango, ya kira uwargida ta bidiyo a WhatsApp don ta ga aikin hannunsa. Ta leƙo ta cikin hazo, da ƙyar take hango fuskarsa, ta ce, "Malam, wanga hayaƙi bai yi yawa ba?" Bai kai ga amsawa ba jiniya ta ɓarke.

Ya jefa waya aljihun jallabiya. Ya ɗauki dadduma ya yi ta fifita rufin ɗaki. Ya tura taga, ta tsaya inda ta saba tsayawa. Ruwa na nan a famfon ɗakin, taku biyu, amma tunanin da ya zo masa shi ne a kawar da shaida kafin hukuma ta iso. Ya sa atamfar nan ya tallabo kasko da hannu biyu, ya fita. Doka ta hana shiga lif in jiniyar gobara ta tashi, kowa ta matakala zai bi, don haka Malam ya sauko hawa uku a tsakiyar jama'a, yana rabon hayaƙi a kowace kwana, yana gaisawa da sauran na'urorin da ba su riga sun ji labari ba.

To, a filin ajiye motoci, ƙarƙashin koren allon da aka ce a riƙa taruwa, nan ne Malam yake fata ƙasa ta tsage. Ɗalibai sun fi ɗari. Wasu cikin bargo, wasu cikin tawul, wani da kumfar sabulu a ka, wata rungume da kwamfuta tana kukan aikin da za ta miƙa da safe. Kowa ya ɗaga kai yana duban bene, ana neman ta inda hayaƙi zai fito. Bene lafiya lau. A duk faɗin unguwar wuri ɗaya ne hayaƙi ke tashi, kuma daren ba iska, don haka tsaye yake miƙewa sama, daidai ƙarƙashin fitilar titi, daga hannun wani bawan Allah cikin jallabiyar shan iska da silifas ɗin alwala, ya riƙe kasko a ƙirji kamar mai tallan turare a ƙofar masallacin Juma'a.

Hanci ne ya fara kai labari. Na kusa da shi ya shaƙa, ya waiwayo. Na gaba ya waiwayo. Haka kawuna suka yi ta juyowa sahu-sahu har na bakin titi. Da a Tudun Wada ne, da tuni wani ya daka masa tsawa, "Kai Malam, mi kaka yi haka?" a zage shi, a yi dariya, wani yaro ya kawo buta, magana ta mutu. Turawan Ingila ba su yi masa wannan alfarma ba. Sukan dube shi, su dubi kasko, su kawar da kai cikin ladabi, su sake dubowa. Wani da hayaƙin ya sa shi tari, shi ne ma ya ba Malam haƙuri.

Malam ya ce tun daga ranar, da ya rufe ido wannan tsayuwar yake gani, yana lissafin abin da ya kamata ya yi. Ya ajiye a ƙasa? Ajiyewar ita ce amsa laifi. Ya ruga da shi? Zuwa ina, a garin da bai san ko lungu ɗaya ba? Dabarar da ya yi a ƙarshe ita ce ya lallaɓa ya mayar da kaskon bayansa, ya ƙame yana duban bene tare da jama'a, har da ɗan girgiza kai irin na mai jimami. An gudu ba a tsira ba: hayaƙi ya koma tasowa ta bayan ƙeyarsa. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara ta ce ga mutum nan yana cin wuta.

Nan sarkin baƙi ya ratso taro, cikin rigar sanyi mai kauri, da gorar ruwa a hannu. Ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Abokina, ka yi ƙoƙari, awo 35 fa ake yanzu." Malam, da haƙoransa ke kaɗawa, ya dube shi duban mai tababa. A Gusau awo 35 lokacin neman fanka ne. Ashe da ma'aunin Amurka yake lissafi, wanda a namu bai wuce 2 ba.

Sai shawara ta fara zuba. Da farko ya ce kada Malam ya amsa komai sai lauyansa ya zo. Ya ɗan yi shiru, ya ce a'a, wannan a Amurka ne. A nan haƙuri ake bayarwa, tun kafin a tambaye ka, sau uku a jere, ko da ƙofa ce ta buge ka. Ya kurɓi ruwa. Ya ce in haƙuri bai yi ba, a kawo zancen yanayi, domin a shekara biyun da ya yi yana nazarin mutanen nan bai taɓa ganin Baturen Ingila ya iya fushi da mai yi masa zancen ruwan sama ba. Ya sake kurɓa. Ya ce in duk sun ƙi, a yi musu tayin shayi. Daga nan ya shiga tarihi, abin da ya fi ƙwarewa: lambar kiran agaji a nan 999 ce, tun 1937, ta girmi 911 ta ƙasarsu da shekaru talatin da wani abu, kuma wannan abin kunya ne ga Amurka. Duk wannan bayani garwashi na ci a hannun Malam, ruwa na hannun mai bayani, tazararsu ba ta kai kamu ɗaya ba, kuma har ga Allah bai ga alaƙar da ke tsakaninsu ba.

Ana haka sai aljihun jallabiya ya yi magana. Wayar ba ta katse ba. Uwargida ta ji jiniya ta ruga sashen Yaya, gida ya tashi, ga shi Gusau na gaba da awa ɗaya, dare ya raba. Muryar Yaya ta fito tar a tsakiyar Turawa: "Kai, ba su na goro mana! Babu ƙasar da ba a cin goro!" Daga bayansa Inna na cewa a dai yi alkawarin sadakar ƙosai.

Motocin kwana-kwana biyu suka iso. Shugabarsu mace ce. Ba ta tambayi kowa komai ba, don allon da ke bakin ƙofa ya riga ya rubuta hawa da lambar ɗaki. Mutanenta suka hau suka sauko, ta tsaya gaban taro ta kira lambar. Jama'a suka dare. Malam ya matso, ya dawo da kasko gaba tunda ɓoyo ya ƙare, ya buɗe baki. Turancin da ya ci jarrabawa da shi, wanda yake koyar da yara da shi, duk ya bi hayaƙi. Abin da ya rage a kansa shi ne darasin Ba'amurke.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "yau kam akwai sanyi."

Ta dubi kasko. Ta dubi silifas. Ta ce lallai akwai. Sannan ta miƙa hannu ta zare gorar daga hannun sarkin baƙi, ta tuttule ta a kan garwashi.

Ba ta yi faɗa ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na fitar da 'yan kwana-kwanan Ingila ke yi, su je ne su tarar ba gobara, kuma a gidajen ɗalibai yawanci burodi ne ya ƙone ko tururin wanka ko turaren fesawa. Abu ɗaya ta tsaya ta nanata masa da gaske: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba da ba a jin warinta, mai kashe mutum cikin barci, don haka jiniyar nan gata ta yi masa. Da ta juya za ta tafi, sai ta dawo ta rage murya, ta tambayi sunan turaren, da ko ana samunsa a cikin gari.

Washegari takardar gargaɗi da tara ta iso daga masu kula da gidan. Ba'amurke ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Ban gaya maka ba? Zancen yanayi bai taɓa ba ni kunya ba." Ya kuma zo da sabuwar shawara, wai a sa wa na'urar safa a ka, abin da takardar da ke hannun Malam ta ambata a matsayin laifi mai zaman kansa. Matakala har yau tana ƙamshin ɗakin amarya. A gida kuwa, kafin a sallame asuba labari ya isa majalisar masu shayi cewa Malam ya ƙone jami'a, da ya kai Tsafe ya zama fadar Sarki Charles.

Inna ta riga ta raba ƙosanta. Uwargida kuma ta ce a sanar: duk mai ɗan'uwa a arewacin Ingila da zai zo gida hutun Disamba, don Allah ya biya ya karɓo mata kaskonta, na gadon kakarta ne.