Yadda Ake Sayar da Tumtum a Biya wa Iska Kuɗin Mota

Idan ka buɗe sabon shago a WhatsApp ko Instagram, kuma kana son jarinka ya kwanta dama cikin mutunci ba tare da maƙwabta sun ji ba, matso in koya maka. Na riga ka bin hanyar, da tumtum takwas na fata da na saro a Kasuwar Kurmi.

Fara da zaɓen kaya mai cika ido marar nauyi: tumtum, katifa, kwandon kaba, kujerar roba. Ɗaga shi da hannu ɗaya ka ce wa kanka, "Wannan ai ko yaro ya kai shi Legas." Ɗauki hoto, ka rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a kai wa mai saye kyauta ko'ina a Najeriya. Kada ka kuskura ka tambayi kuɗin aike kafin ka rubuta. Tambaya ta masu ƙaramar zuciya ce.

Kafin la'asar wata Hajiya za ta ce tana son shida. Ba daga Zariya ba, ba daga Kaduna ba, daga Fatakwal. Ban san dalili ba, amma duk mai ganin kalmar "kyauta" a bakin teku yake zaune. Alat zai shigo. Nuna wa uwargida, ka sayo tsire, domin shi ne rabonka na ƙarshe a wannan ciniki.

Washegari mai adaidaita zai leƙa kayan ya girgiza kai, sai ka ɗauki kurkura zuwa ofishin masu aika kaya. Yarinyar da ke kanta za ta ɗora tumtum ɗaya a sikeli: kilo 3. Yi murmushinka da sauri, don yanzu za ta jawo tef irin na tela. Tsawo santimita 50, faɗi 50, tsayi 35. Ta ninka su, ta raba da 5,000, ta juyo maka da kalkuleta: kilo 17.5. Ba zalunci ba ne, haka yawancin manyan kamfanonin aike suke lissafi, su duba nauyin sikeli da na girma su ɗauki wanda ya fi yawa. "Malam, wurin da kaya ya cinye a mota muke sayarwa," za ta ce, ko kallonka ba za ta yi ba. Tumtum shida a sikeli kilo 18 ne, a takardarta kilo 105. Sauran kilo 87 ɗin iska ce da ke maƙale cikin audugar rimi, kuma kai ne waliyyinta.

Fita cikin fushi ka nufi tasha, inda ake webil. Nan babu tef, babu sikeli, idon ɗan kamasho ne ma'auni, kuma takalminka yake fara aunawa kafin kayan. "Alhaji, wannan ai mazaunin mutum uku zai ci." Kana buɗe baki zai tuna maka an cire tallafin mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023 da Tinubu ya yi wannan sanarwa, direbobi sun fi riƙe ta fiye da ranar ɗaurin aurensu. Biya. Biya ɗan dako, biya mai ɗaure kaya, biya kuɗin buhu da igiya. Sannan ka kwana biyu kana kiran direba yana cewa sun kusa Lakwaja.

Yanzu sai babban aiki: neman ciko a wurin Hajiya. Kira ta, ka gaishe ta da gida da yara da ruwan Fatakwal, ka yi ta kewaye har katinka ya kusa ƙarewa. Ba za ta ɗaga murya ba. Hoton tallarka kawai za ta turo, ta zagaye "kyauta" da jan layi, ta ƙara da "Allah ya saka da alheri, ɗana." Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Ce amin.

Da na koma Kurmi na kai ƙara wurin tsohon badukun da ya sayar min, sai da ya ajiye basillarsa don dariya. "Yaro, wa ya ce ka aika da auduga? Fatar ake ninkewa, mai saye ya cika abinsa da tsumma a can." Ya ninke shida a gabana, suka shige jaka ɗaya da za a iya rungumewa a kan babur. Ya ce in riƙa auna kwali kafin in sa farashi, in ji bakin tasha biyu, in rubuta ƙarara cewa kuɗin aike na mai saye ne. Idan kana bin darasina, toshe kunnenka daga irin wannan magana, tana hana mutum karyewa.

Sauran tumtum biyun suna nan a falona, cike da audugarsu. Mai so ya zo Kano da ƙafarsa ya ɗauka, kuma ya taho da kuɗin kurkura.