Jinina Ya Hau

Mu dai a unguwar nan kowa likitan kansa ne. Yaro ya fasa tulu, jini ya hau. An ɗauke wuta ana tsakar kallon ƙwallo, jini ya hau. Kishiya ta ɗinka sabon leshi, nan ma jini. Amma tambayi mutum yaushe rabon da a ɗaura masa abin awo a dantse, sai ya ce ai kansa ba ya ciwo. Alhali hawan jini na gaske sau da yawa ba ya sallama. Mutum na cin tuwonsa lafiya, wata safiya ɓarin jiki ya shanye, mu ce jifa ne ko iska ta buge shi.

Ran da muka ga dama muka leƙa kemis ma, dubi zuwan namu: an sha rana a ƙafa, goro a kunci, an harɗe ƙafafu, na'ura na matse hannu ana ba mai kemis labarin tsadar shinkafa. Ina lamba za ta fito daidai? Ƙa'ida ita ce ka zauna shiru minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu kan tebur daidai ƙirji, kuma rabin awa kafin nan ba goro, ba sigari. In fitsari ya matse ka, fara zagayawa tukuna. Mai kaurin dantse kuwa, in aka sa masa ƙaramin maɗauri, lambar sama take yi.

Sai a ce maka "150 bisa 95," ka gyaɗa kai kamar ka gane. Ta saman ita ce ƙarfin da jini ke tura jijiya sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasan kuma sa'ad da ta saki kafin bugu na gaba. Wajen 120 bisa 80 lafiya lau ne. Daga 140 bisa 90 zuwa sama, in an auna a ranaku daban-daban ya ƙi sauka, shi ne hawan jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya. Mu kuwa dunƙule uku a miya, a barbaɗa gishiri, da dare a bi da yajin tsire.

Maganin asibiti fa? Muna sha har jiri ya lafa, sauran ƙwayoyin su koma ƙasan filo.

"Hajiya, ina maganin naki?"

"Ai na warke, ɗan nan. Zoɓo nake sha yanzu."