Tuzuru Mai Lasisi

Uzurorin da namiji kan fake da su idan aka tambaye shi me ya sa har yanzu yake kwana a shagon ƙofar gida suna da yawa, amma kusan dukkansu suna da wa'adi. Wanda ya ce yana jiran kaka, kaka za ta zo. Wanda ya ce sai ya gama bautar ƙasa, wata goma sha biyu ne, gwaggonninsa kuwa sun iya lissafi. Wanda ya ce yana gini, ana iya zuwa a ƙirga bulo. Uzuri ɗaya ne tak ba ya tsufa, ba kuma wanda ya isa ya je ya duba, shi ne "sai na kare kundi." Da zarar ɗalibin digiri na biyu ko na uku ya furta wannan, sai majalisa ta yi tsit, a gyaɗa kai, a ce Allah ya ba da sa'a, don rabin mutanen wurin ba su tabbatar ko kundi ciwo ne ko bashi ba. Ni dai a ganina wannan bawan Allah da ake yi wa shaguɓe a gidajen biki ba shi ya ƙirƙiro halin da yake ciki ba. Mu muka ɗora masa buri biyu, ya zama Dakta, ya kuma zama ango, muka garƙame ƙofar kowanne da kwaɗo, sannan muka koma inuwa muna tambayarsa abin da ya hana shi shiga.

A duba yininsa, ko a Samaru ta Zariya yake zaune, ko a Ɗanbare kusa da sabon matsugunin Jami'ar Bayero. Bayan sallar asuba abin da yake fara dubawa ba littafi ba ne, ƙwan lantarki ne, domin batirin kwamfutarsa ya daɗe da rasuwa, kuma duk iliminsa na shekara huɗu yana cikinta. In babu wuta sai ya rungume ta ya nufi teburin mai shayi, inda ake kiransa Dakta tun kafin a amince da taken bincikensa, ana kuma rubuta masa bashin indomi da wannan sunan mai daraja. Daga nan sai makarantar kuɗi, inda yake koyar da darussa uku da albashin darasi ɗaya. Da azahar ya sanya rigarsa mai guga ya tafi babban aikin ranar, wato tsayuwa a ƙofar ofishin sufabaiza. Wannan tsayuwa fanni ce mai zaman kanta, tana da ladubba: ba a ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, ba a kiran waya fiye da sau ɗaya, in an yi sa'ar haɗuwa a baranda sai a rusuna a karɓi jaka, a ce, "Allah ya gafarta Malam, dama kan maganar babi na biyu ne." Amsar ma sananniya ce: "Yana kan tebur, ka dawo mako mai zuwa." Ran da babin ya fito, sai a gan shi jina-jina da jan biro, an umarce shi ya mayar da sakin layin da aka sa shi ya cire bara. Da daddare ya sha garin kwaki, ya hau Facebook ya rubuta dogon sharhi kan yadda za a gyara tattalin arzikin Nijeriya.

Masu cewa lalaci ne ya sa karatun da bai wuce shekara biyu a takarda ba yake cin biyar, su ɗauko kalanda. A shekarar 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na wata tara, ga kullen korona a kai. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata goma sha bakwai ke nan a cikin shekara uku, waɗanda a cikinsu yarinyar da yake nema ta yi aure, ta haihu, ta fara tunanin yaye, shi kuwa yana nan a babi na uku. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin adaidaita sahu zuwa ƙofar sufabaiza ya ninka, ƙofar kuma ba ta fasa zama a rufe ba. Tallafin ƙaro karatu na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, wanda ba ya cikinsu sai dai ya karanta sanarwar ya yi musu fatan alheri. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma daga irin wannan kuɗi ake son ya biya rajista, ya buga kundi kwafi-kwafi, ya biya mujallar da za ta wallafa maƙalarsa, a wasu wuraren ma ya tanadi lemo da nama ga waɗanda za su titsiye shi ranar difens. Ba a taɓa jin wanda ake tuhuma yana ciyar da alƙalai ba sai a nan.

To, mutumin da ya shafe shekaru a wannan hali, ya za a yi ya iya zance? Ya manta yadda ake magana da mutum sai da kwamiti. Idan ya je wurin budurwa, tsarin kundi yake bi tiryan-tiryan. Makon farko shimfiɗa ce da dalilin bincike. Mako na biyu farfajiyar bincike, inda yake bayyana iyakar abin da aljihunsa zai iya da wanda ba zai iya ba. Sai bitar ayyukan da suka gabata, wato ya tsare ta da tambayar su wa suka taɓa zuwa, me suka kawo, wane giɓi suka bari, domin ya samu hujjar ci gaba da bincike. Idan ta ce, "Malam, wai kana sona kuwa?" sai ya gyara zama ya ce masana sun kasu gida uku a kan ma'anar so. Ita tsire take jira, shi manazarta yake jerowa. Ran da Abbanta ya aiko cewa in da gaske yake ya turo magabatansa, sai ya gane ashe a nan ma akwai mai jarrabawa na waje, kuma shi ba ya ba da damar gyara. Abin da ba a taɓa kaiwa a wannan bincike shi ne babin naɗewa. Wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ne kan zo ya rubuta shi cikin mako uku, ba tare da ya ambaci ko marubuci ɗaya ba.

Daga nan ne ra'ayoyinsa kan zamantakewa suke tsirowa. Babu mai adawa da lefe kamarsa. Zai kawo maka tarihi, ya kawo maka fiƙihu, ya tunatar da kai cewa a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, akwatuna kuwa da leshi da atamfa da takalma da jakunkuna, da kamu da dina da sauran bidi'o'in da ake ƙirƙiro wa suna duk shekara, babu ɗayansu a cikin sharuɗɗan aure. Za a ce ai talauci ne ke magana, ba ilimi ba, kuma a bari ya samu aiki a Abuja a ga ko ba shi ne zai kai akwati goma sha biyu da mai hoto a gaba ba. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Yawancin masu wa'azin sauƙaƙa aure suna yin ritaya daga wa'azin ranar da albashin farko ya shiga. Amma yunwar mai magana ba ta mayar da gaskiya ƙarya. Mu da muke yi masa dariya duk mun san maganarsa daidai ce, uban amarya ma ya sani, domin shi ne ke sayar da fili ko gona ya yi kayan ɗaki da gara, ya kwana yana tsine wa al'adar da zai tilasta wa surukinsa gobe. Hukuma ma ta sani. Da gwamnatin Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a Oktoban 2023 ta hannun Hisba, ta ɗauke musu sadaki da kayan ɗaki, me take faɗa in ba cewa farashin da muka sa wa aure ya fi ƙarfin masu bukatarsa ba? Abin da gwamnati ta faɗa da kasafin kuɗi aka yi mata tafi, shi ɗalibi ya faɗa da baki aka ce rowa ce.

Akwai wurin da ba zan tare masa ba. A taron ƙara wa juna sani babu wanda ya kai shi yabon ilimin mata. Zai ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da 'yan tarunta da jajinta masu bin ƙauyuka suna koyar da mata, har idonsa ya kawo ruwa. Amma a tambaye shi wacce zai aura, sai ya sassauta murya ya ce shi dai ya fi son wadda ta gama sakandare bana, wadda zai tarbiyyantar da kansa. Wadda suke aji ɗaya kuwa, wadda ke ara masa littattafai tana gyara masa lissafin babi na huɗu, ai ita boko ya yi mata yawa. Yana son mace mai ilimi, da sharaɗin ilimin ya tsaya taku ɗaya a bayan nasa. Ita kuma wannan ɗaliba, uzurin kundi ba ya yi mata aiki ko na yini ɗaya. In ba ta da aure, kowace gaisuwa da tambaya take ƙarewa, ana tuna mata cewa takarda ba ta rufa asiri. In tana da aure, da goyo take tsayuwa a ƙofar ofishin, ta koma ta ɗora tukunya, ta buɗe kwamfuta bayan kowa ya yi barci, ranar da ta kare kuma a taya maigida murna da ya yi haƙuri. Lasisin zama ba aure na maza ne kawai, kuma ɗan uwanmu, da duk karatunsa kan adalci, bai taɓa rubuta ko sakin layi ɗaya a kan wannan ba.

Babbar hujjar masu suka ita ce, wa ya aike shi? Da ya kama sana'a, ko ya bi kawunsa kasuwa, da yanzu 'ya'yansa sun shiga firamare. Wannan tambaya tana da daɗin ji, sai dai masu yin ta su ne suka aike shi. Da yawa daga masu komawa jami'a sun koma ne bayan sun gaji da yawo da takardu ofis-ofis, kuma a unguwa "yana mastas" ya fi "yana zaman kashe wando" daɗin faɗa a bakin uwa. Mu ne kuma ba ma iya kiran mutum da sunan da aka raɗa masa ranar suna. Katin ɗaurin aure sai ya cika da Alhaji Dakta da Injiniya da Barista har a rasa inda za a rubuta sunan amarya. A wurin taro Dakta ake ba kujerar gaba, ko da na girmamawa ne wanda aka samu da yamma ɗaya bayan an ba da gudummawar gini. Abin ya yi yawa har shugabannin jami'o'in ƙasar nan suka taru a Keffi a 2012 suka yi wa kansu ƙa'idar rage rabon irin wannan digiri, musamman ga masu riƙe da muƙami. Ka ga al'ummar da attajirinta ke sayen laƙabi da kuɗi ba ta da bakin yi wa talaka dariya don ya ce zai saya da shekarunsa. Kuma gidan da ya hana shi 'ya yana ɗalibi, shi ne zai fara aiko masa da katin gayyata, da "Dakta" ɓaro-ɓaro a bayan ambulan, ranar da ya kare.

Shi ma sufabaiza kada a mayar da shi dodo. Mutum ɗaya ne da ɗalibai sun fi ƙarfin teburinsa, ga aji, ga taron sashe, ga yarjejeniyar 2009 tsakanin ASUU da gwamnati da aka shafe shekaru ana jan ƙafa a kanta, ga albashin watannin yajin aikin 2022 da aka riƙe da sunan ba aiki ba biya. Shi ma nasa malamin ya tsayar da shi a baranda, abin da ya gada ke nan. Aibinsa ɗaya ne, ya ɗauka wahalar tana cikin manhaja.

Saboda haka ina miƙa koke ga Nalako, sarkin gwagwaren Kano. In azumi ya yi goma aka fito tashe, aka ɗauko igiya da ganga za a bi gida-gida kamun marasa aure, don Allah a tsallake shagon ɗalibi, ba a kama wanda ya riga ya ɗauru. A wuce da igiyar gidan gwaggon da ke ƙirga akwatuna tana tsaki, a biya ta wurin mai tsara katin biki, a tsaya a barandar da babi na biyu ya shekara a kan tebur. In igiyar ta yi saura, to a dawo a ɗaura wa ɗalibin a ƙafa ɗaya, a kai shi ƙofar gidan 'yar ajinsu ya yi sallama.