Masu Taɓa Labarin Littafi a Majalisarmu ta Damba

Duk wanda ya saba zaman majalisar dare a Damba, ko Tsafe, ko Bunguɗu, inda akan shimfiɗa tabarmi bayan sallar lisha a ɗauko tsohon littafin hikaya, mutum guda ya riƙe shi yana jan labari, sauran kuwa a raba musu sunayen mutanen ciki, wannan ya zama Sarki, wancan Waziri, wani ya haƙura da zama dogari, ya san ba a taɓa yin daren da labari ya fito daga bakin mai jansa kamar yadda ya fito daga maɗaba'ar Zariya ba. Ni dai ban ga aibin haka ba ko ƙiris, domin wanda ya buɗe mana wannan ƙofa shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam da kansa, wanda a cikin Magana Jari Ce, da aka buga tsakanin 1937 da 1939, ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa, ya kamo mabushin nan na garin Hamelin a Jamus ya naɗa shi Sarkin Busa, ya kamo sarkin nan da 'yan damfara suka tufasar da iska ya mai da shi Sarkin Zairana. Haka Ahmadu Ingawa ya ɗauko jarumin Rasha ya ɗora shi bisa Ƙwalele, ya zamar mana Iliya Ɗan Maiƙarfi. Littafi rigar kasuwa ce, ba don jikinka aka ɗinka ta ba, sai ka rage hannu ka ƙara wuya kafin ta zauna maka.

Mutanen Amurka ma suna da irin wannan hira, har sun mai da ita sana'a. Tun 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, ana ta buga wa masu yinsa littattafan ƙasashe da tafiye-tafiye na ƙage, har a 1992 aka yi musu ɗaya mai suna Al-Qadim wanda aka gina bisa Alfu Laila, kowane gida kuma sai ya yanke nan ya ƙara can gwargwadon mutanen da ke zama a teburinsa. Ina kyautata zaton cewa mutanen da zan ambata yanzu suna da 'yan'uwa a can, sai dai nasu ba su shan shayi a gindin dalbejiya.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne Malam Matani, mutumin da a mazhabarsa taƙlidi wajibi ne, ƙofar ijtihadi kuwa ta rufu tun ran da Dokta East ya karɓi Ruwan Bagaja a gasar 1933. Yakan zo da nasa kwafin, wanda ya yi wa bango da takardar siminti, ya kunna tocila yana bin layi da ɗan yatsa, leɓensa na motsi, yana dakon mai jan labari ya yi tuntuɓe. Da zarar an ce Alhaji Imam na cikin Ruwan Bagaja ya gamu da Malam Zurƙe a kasuwar Tsafe, sai ka ji gyaran murya daga bayan tabarma: "Allah shi gafarta Malam, ina kag ga wanga? Ai ba hakanan anka rubuta ba." Ran da aka yi kuskuren ba shi jan labari, duk wanda ya faɗi kalmar da ba ta cikin bugu sai a ce ya sake, har majalisa ta koma ɗakin biyawa, manya masu furfura suna maimaita zance ɗaya sau uku. Amma fa in gardama ta kaure kan sunan ɗan Gandoki ko na jikan Sarki Abdurrahman, wurinsa ake kai ƙara, kuma Garba Gagare da Mahmudu suna bakinsa kafin a rufe baki.

Kishiyarsa, wanda kuma ya fi kowa cinye mini dare, shi ne Kawunmu Sarkin Muƙaddima. Tsohon malamin makaranta ne, mai tsabta, mai kyan rubutu, wanda tun da ya ajiye aiki ya yanke hukunci cewa bai kamata Ruwan Bagaja ya tashi daga Kwantagora ba alhali ga ƙasar Zamfara a shimfiɗe, sabili da haka ya ɗaura aniyar ciro labarin duka da saiwarsa ya dasa shi a nan. Ya cika littafin rubutu guda da ƙananan haruffa, ya zana taswira a bayan tsohuwar kalanda da jar biro da shuɗiya, ya sa rijiyar ruwan a ƙarƙashin dutsen Kwatarkwashi, ya ɗora maiki a kanta yana gadi. Har nan kowa ya yaba. Sai dai a ra'ayin Kawu ba ya halatta matafiyi ya ɗaga ƙafa kafin ya san ƙasar da zai taka, don haka yakan fara ne daga Birnin Zamfara da yadda Gobirawa suka ci shi a ƙarni na 18 suka kafa Alƙalawa, ya gangaro 'Yandoto da malamanta, inda a cewarsa can ne Limamin labarin ya yi karatu, ya biyo da zuwan Malam Sambo ɗan Ashafa da kafuwar Gusau, sannan ya tsaya cak a kan wata mas'ala mai wuyar warwara, wato ko Alhaji Imam da jaki ya bar gari ko da jirgin ƙasa, tun da yake dogo ya riga ya iso Gusau. Wannan mas'ala kaɗai ta ci hira guda, ya kawo hujjojin masu jaki, ya kawo na masu jirgi, ya rinjayar da jaki, sannan ya ce zai sake mudala'a.

A halin nan wanda aka ba Malam Zurƙe, wanda ya yini yana tanadin ƙaryar da zai sharara, ya jingina da bango ya yi nisa; wanda aka ba Sarki ya tafi rufe awakinsa bai dawo ba; mai shayi ya kife kofuna. In wani yaro ya yi ƙarfin hali ya ce, "Kawu, yaushe za mu fita gari?" sai Kawu ya dube shi ta saman tabarau da tausayi irin na malami ga daƙiƙin almajiri, ya ce, "Ɗana, ba mu ƙare da ganuwa ba. Ƙofa nawa ag gare ta, ka sani?" Yaro bai sani ba, sai a faɗa masa, kowace da sunanta da na mai gadinta da abin da mai gadin ke bin maƙwabcinsa bashi.

Abin da ya fi ban dariya shi ne daren da Allah ya nufa aka fita garin. Kawu ya shirya aljanu da bokaye da 'yan sara a hanyar Kwatarkwashi, kowane da nasabarsa har kaka na bakwai, sai jama'a, ko don shaƙiyanci ko don gajiya, suka ce su hanyar Bunguɗu za su bi. Nan take gulbi ya kawo, ana tsakiyar hunturu. Suka ce za su nemi kwalekwale, aka ce masuntan duk sun tafi biki. Suka ce za su yi iyo, sai ga kada. Da suka juyo bisa tilas suka kama hanyar da aka shimfiɗa musu, fuskar Kawu ta washe, ya buɗe littafinsa, ya sanar da cewa ya gano ɓatan suna guda a salsalar Sarkin Aljanu, don haka mako mai zuwa za a koma farko. Duk da haka ba na son ranar da za a rasa shi, domin yaran unguwa da yawa a bakinsa suka fara jin sunan 'Yandoto, kuma taswirar nan tasa, wallahi, ta fi wadda ke rataye a wasu ofisoshi.

Sauran ba su buƙatar dogon sharhi. Akwai Mai Gwamutsa, wanda ba ya iya barin littafi ya zauna shi kaɗai: kafin a sha shayi na biyu Iliya ya ƙulla abota da Gandoki, Akun Magana Jari Ce ya zama wazirin Waldima a birnin Kib, Shaihu Umar kuma yana ba su fatawa. Akwai Mai Taushin Zuciya, wanda a hannunsa ba a mutuwa, in an sare kan mutum sai a tarar ashe mafarki ne, mugun Waziri ma tuba yake yi a ba shi gona. Akwai wanda bai karanta ba, ya riƙe littafi a kife yana ƙago abin da ya zo bakinsa, har ya dawo da bafaden da muka binne makon jiya, in an tuna masa ya ce tagwaye ne. Akwai saurayin da finafinan Indiya suka yi wa yawa, wanda ba ya yarda Kamaruzzaman ya ga Badura ba tare da an tsaya an yi waƙa ba. Sai ɗan jami'ar da ya ji labarin mutanen Amurka ya zo mana da ɗan lido a aljihu, ya ce daga yau kowane sara da suka sai an jefa, shida ta ci, ɗaya ta faɗi. A daren farko Iliya ya faɗo daga doki a gaban tsohuwa mai sayar da daddawa, dattawa kuma suka ce abin ya yi kama da caca, a mayar da shi aljihu.

Akan samu kuma wani mai hashiya, mutum mai ladabi da sanyin murya, wanda ba ya taɓa matani ko kaɗan, illa dai duk littafin da ya ja sai a tarar an sami ƙarin wani dattijon marubuci a gefen gari, mai hikima, wanda sarakuna ba su yanke shawara sai sun aika masa, jarumai kuma ba su cin yaƙi sai sun bi ta zaurensa. Wasu masu hassada sun ce dattijon yana ɗingishi da ƙafar hagu kamar mai wannan alƙalami, har hularsu iri ɗaya ce. Wannan zato ne, zato kuwa ba a gina hukunci a kansa.

Duk waɗannan ina yi musu dariya ne ina kuma miƙa musu kofi. Amma akwai ɗaya wanda ba na yi wa dariya, shi ne wanda ya mai da littafi sandar dukan wanda ke zaune. Yakan fara da ƙanƙani: mai rowar cikin labari sai a ba shi irin tarin wane, matsoracin a ba shi irin babur ɗin wane, wanda matarsa ta yi yaji a makon nan shi za a ba sunan mijin da ake juyawa, kuma tilas ya amsa da bakinsa a gaban 'ya'yan cikinsa, domin in ya ƙi a ce bai san wasa ba. Habaici tsohon abu ne a wurinmu, muna jure shi. Abin da ba a jurewa shi ne da ya ga an yi shiru, ya ce zai sabunta 'yan fashin hikaya su dace da zamani, ya sauke su daga dawaki ya ɗora su bisa babura, ya sa musu bindigogi, ya ambaci ƙauyukan da kowa ya sani a yankin Tsafe, yana kwaikwayon muryar mai cinikin fansa ta waya yana ƙyaƙyata dariya, alhali a ƙarshen tabarmar ga bawan Allah da ya sayar da gonarsa da shanun huɗarsa kafin a sako masa ƙanensa, ga kuma wanda ya baro garinsu da dare yake zaman haya a Damba da iyalinsa. Mutanen nan sun zo ne su huta da wannan magana na sa'a guda, su ji ana neman ruwa a ƙasar aljanu. Ɗayansu ya miƙe ya sa takalmi bai ce wa kowa sai da safe ba, shi kuwa gogan yana cewa, "To mi nac ce? Ai labari na."

Imam ya taɓa labaran mutanen duniya ya kawo su gida, ba mu ji ya kunyata maƙwabcinsa da ko ɗaya ba. Wannan mutum kuwa majalisa ta yi ijma'i a kansa ba tare da an tara kowa ba: yana da izinin zama, yana da kofinsa na shayi, in yana so a ba shi dogari ko jakin Malam Zurƙe, amma littafi ba zai sake shiga hannunsa ba. Ku da ke da irinsa a majalisunku, ku karɓe littafin tun yau, ku miƙa wa Sarkin Muƙaddimarku, ko da za ku kai damina ba ku fita ƙofar gari ba.