Ɗakin da Ke Ruwa Babu Hadari

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano a Cadakori cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba zai tambaye ni dalili ba. Na je Maradi na sayo katakon silin, kafinta ya buga. A samansa na shimfiɗa leda, na jera tsofaffin katifun soso don su tare zafin kwanon. Saura ramukan iskan nan da magini ya bari tsakanin bango da rufi, waɗanda jemagu suka mayar masauki. Na kwaɓa laka na liƙe su tsaf. Ɗaki ya yi sanyi, har maƙwabta nake kira su shigo su ji.

Ƙarshen Satumba na cire gyaɗata. A garinmu rumbu ba shi da sirri, kuma duk wanda ya san abin da ke ciki yana da suna ko biki a gabansa. Don haka da dare ya raba na hau da buhunan cikin silin. Gyaɗar ba ta gama shan rana ba, amma mai ɓoyo ina ya ga ta shanya? Washegari ƙanen matata ya zo aron tiya biyu, na ce masa bana gona ta ci amanata.

Ba a jima ba, wata asuba ɗigon ruwa ya sauka a goshina. Na fita tsakar gida: sama tas, taurari ras, ko alamar hadari babu.

"Malam, ko dai a kira wanda zai yi wa ɗakin nan addu'a?" in ji uwargida.

Kafinta na kira. Ya hau rufi ya bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya kwarara ruwa bokiti guda, babu yoyo. Ya ce bari ya leƙa cikin silin, na ce akwai kunamu. Ya karɓi jika biyu ya kama gabansa.

Kawu ne ya warware zancen, yana zaune yana kallon baƙin tabon da ke yaɗuwa a katakon.

"Ɗana, kwano da rana wuta ne, amma gab da asuba ya fi iskar da ke ƙarƙashinsa sanyi. Iska mai laima in ta taɓa shi sai ta koma ruwa, kamar murfin tukunya. Ramukan da ka toshe su ne ke fitar da ita. Katifunka kuma sun hana ɗumin ɗaki ya kai ga kwanon." Ya ja numfashi ta hanci, ya dube ni. "Sai dai ruwan nan ya yi wa raɓa yawa. Me ka ajiye a sama?"

"Ba komai, Kawu."

"To, madalla."

Gyaɗa na fitar da danshinta, kwano na mayar mata da shi, soso na sha, katako na ta yin ciki. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ƙanen matata ya biyo gaisuwa, ya zauna shan sanyin ɗakin nan da nake taƙama da shi. Muna cikin jajanta wa juna rashin albarkar bana sai silin ya ce ƙaƙas, buhu ya faɗo tim a tsakaninmu, jiƙaƙƙiyar katifa ta biyo bayansa ta rufe mini kai.

Ya ɗauki ƙwanso ɗaya ya ɓare. Funfuna ta cinye ƙwayar, irin wadda malaman gona ke cewa gubarta na lalata hanta, ko dabba kada a ba.

"Yaya, ashe bana a sama kake noma."

Ya nemi faifai wurin yayarsa, wadda ke tsaye bakin ƙofa ta riƙe haɓa. Ya tsince masu kyan, ya auna tiya huɗu, ya ce biyun aro ne, biyun kuwa ladan rufa asiri. Kafin la'asar har masu shayi na bakin tasha suna tambayata ko an yi shuka a rufin bana.