Yadda Za Ka Zauna da Hajiya Ƙura Ba Tare da Ta Cinye Maka Talabijin Ba

Duk gidan da ke tsakanin Maiduguri da Sakkwato, ko tsakanin Damagaram da Zariya, yana yin baƙuwa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Ba ta aiko saƙo, ba ta sallama, ba ta cire takalmi. Ka share ɗaki da hantsi, kafin la'asar ta shimfiɗa tabarmarta a kan talabijin, yara kuma sun samu allo, sai ka tarar da sunan autan gida an rubuta shi da ɗan yatsa a fuskar gilashi. Hajiya Ƙura ke nan. Tunda korar ta ba ta yiwuwa, sai mu koyi zama da ita ba tare da ta cinye mana kayan wuta ba.

Ka fara da sanin asalinta, don kada ka raina ta. Kaso mai tsoka na hazon hunturu daga Kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, nisan da ya haura kilomita 1,000 daga Kano. Wurin ƙasan wani babban tafki ne da ya cika yankin kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Da ruwan ya janye, sai ya bar ɓawon ƙananan halittun ruwa, fari fat, marar nauyi. Iskar arewa maso gabas tana kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, matsin ya ƙara mata gudu, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi, kusan kwana 100 a kowace shekara. Wani ya sauka a kanmu har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, wani ya ƙetare Tekun Atilantika ya zama taki a dajin Amazon. To, wadda ta ƙetare teku ba labulen tagarka ne zai ba ta tsoro ba.

Amma kada mu ɗora wa Chadi laifi duka. Hajiya tana da 'yan'uwa a cikin gida: ƙasar layin da ba a yi wa kwalta ba, wadda kowane a-daidaita-sahu yake aiko mana, zaren kafet da na labule, tokar murhu, da busasshiyar fatar da ke karkaɗowa daga ƙafafunmu. Waɗannan ba sa jiran Nuwamba.

Ɓarnar da ƙura take yi wa na'ura ba ta muni ba ce kawai. Zafi ne. Talabijin da dikoda da inbata da kwamfuta duk suna ɗumi idan suna aiki, shi ya sa aka yi musu 'yan tsage-tsage a baya da gefe, wasu har da ƙaramar fanka a ciki, domin iska mai sanyi ta shiga, mai zafi ta fita. Ƙura tana toshe tsagar, ta lulluɓe kayan ciki, ta nauyaya fikafikan fanka. Zafi ya rasa hanyar fita. Kwamfuta idan ƙwaƙwalwarta ta kai digiri 90 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, kai kuma ka zauna kana zagin intanet. Sauran kayan da ba su da wannan wayo sai su yi ta dahuwa a hankali, har ranar da za su ƙi kunnuwa, kuma a ranar ce Super Eagles ke wasa.

Nan ne zan daɗe, domin nan ne masu tsafta suka fi yin asara. Uwargida, ke nake nufi, kuma da girmamawa. Kin ɗinka wa talabijin riga mai leshi, kin yi wa dikoda ɗan kwali mai ado, kin yafa wa sitabilaiza mayafi, falo ya yi kyau babu wanda zai musa. Niyyarki tsarkakakkiya ce. Sai dai na'urar da ke aiki a ƙarƙashin mayafi tana shan wahala fiye da wadda ƙura ta hau. Ƙura sai ta yi watanni kafin ta toshe tsagar nan, ke kuwa kin toshe ta a cikin daƙiƙa ɗaya. Ki sa hannu ƙarƙashin rigar dikoda bayan an kalli fim ɗin Kannywood guda biyu a jere, za ki ji abin da nake faɗa, ba sai na rantse ba. Dokar ɗaya ce: idan an kashe, an bar ta ta huce, a rufe, idan za a kunna, a yaye gaba ɗaya, ba a ɗage gaba a bar baya ba. Dikodar da ba a taɓa kashewa, da na'urar intanet, da inbata, waɗannan ba su da rabon riga ko kaɗan. A bar su tsirara, Allah ba zai kama ki ba.

Maigida, kai ma ka matso. Ledar da talabijin ya zo da ita daga shago, wadda ka hana kowa ɓarewa don baƙi su san sabo ne, ka duba ko ta rufe tsagar baya. Idan ta rufe, ka ɓare ta yau. Maƙwabta sun riga sun gani, sun yi maka fatan alheri, an wuce wurin.

Sai maganar mazauni. Ƙura mai nauyi ƙasa take kwana, kuma duk wanda ya gifta yana tashin ta zuwa tsawon gwiwa. Na'ura mai fanka da aka ajiye a kan kafet ta zama tsintsiyar lantarki ba tare da an nemi shawararta ba, duk abin da ke ƙasa tana zuƙewa. Ka ɗaga kwamfuta da sitabilaiza da inbata kan tebur ko benci. Ka bar tazarar tafin hannu, kamar santimita 10, tsakanin bayan na'ura da bango. Kada ka jibga dikoda a kan wata na'ura mai zafi, kada kuma ka kulle su a kantar da ba ta da mafitar iska. Ɗalibai kuma, kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙasa take shan iska. Idan ka ɗora ta a kan katifa ko bargo kana karatu cikin sanyi, kai ka ji daɗi, ita ta shaƙe. Faranti mai faɗi ko ɗan katako a ƙarƙashinta ya wadatar.

Shara kuwa iyayenmu sun riga mu sanin sirrinta. Kafin su sa tsintsiya a tsakar gida sai sun yayyafa ruwa. Mu da muka samu tayil sai muka manta. Busasshiyar tsintsiya a falo ba ta fitar da ƙura, canza mata wurin zama take yi, ta tashe ta daga ƙasa ta mayar da ita kan talabijin. Idan ka aiki yaro shara kuma fanka tana juyawa, to biki ka haɗa mata. A kashe fanka, a rufe kayan wuta, a bi ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma ko mofa. A fara goge sama, a ƙare da ƙasa. Kafet da darduma a fitar da su waje a kakkaɓe, nesa da taga, kuma a duba ina iska ta nufa, don zaman lafiya da maƙwabta.

Yanzu zan taɓo abin da ke iya jawo mini fushin amare: turaren wuta. Ba na cewa a daina, gidan da babu ƙamshi ai ba a marmarin shiga. Amma hayaƙin turare yana ɗauke da maiƙo, haka na maganin sauro, haka na suyar ƙosai idan ƙofar kicin a buɗe take. Maiƙon nan yana bin iska ya shiga na'ura ya kwanta, ƙura ta zo ta manne a kai. Busasshiyar ƙura ana hure ta ta tafi. Wadda ta auri hayaƙi kuwa ta zama danƙo, sai an kankare. Kasko ya zauna can nesa da kayan kallo, a kunna turare lokacin da suke kashe a rufe, hayaƙi ya lafa, sannan a yaye.

Wajen goge na'urar kanta, ka cire ta daga soket tukuna. Ba don tsoron wuta kaɗai ba: fuskar talabijin idan ta yi baƙi ta fi nuna inda datti yake. Ka nemi tsumma mai laushi, irin wanda ake goge tabarau da shi, ko tsohuwar singileti ta auduga da aka wanke. Ka bi a hankali, domin ƙurar nan da ƙwayar yashi a cikinta, idan ka danna ka dirje ka yi wa gilashi zane na har abada. In akwai tabon hannun yara, ka ɗan jiƙa tsumman ka matse shi sosai. Ruwa a kan tsumma ake sa shi, ba a fesa wa gilashi, don yana gangarawa ya shige ta ƙasan firam. Kananzir, fetur, omo, turaren fesawa da yawu duk ba su da gurbi a wannan aiki, ko da wani ya rantse maka kakansa haka yake yi wa rediyo. Bugun na'ura da tsumma, fat-fat-fat, shi ma motsa jiki ne kawai, ƙurar tana tashi ta zaga ɗaki ta dawo inda take. Tsagar baya da maɓallan rimot kuwa, sabon buroshin fenti mai laushi ya fi komai.

Ka san ɗan tartsatsin nan da ke harbin yatsa idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi da dare? Bushewar iska ce ke tara shi a jiki, kuma shi ne yake jawo ƙura ta manne wa roba da gilashi. Kai yana sa ka zabura kawai, amma ƙananan kayan cikin kwamfuta yana iya kashe su. Saboda haka idan za ka buɗe ta, ka fara taɓa ƙarfen taga ko na famfo, kuma kada ka yi aikin a kan kafet.

Hurewa ma da ladabinta. Baki ba bulowa ba ne, numfashinka da laima, da ɗan yayyafi, rabin ƙurar kuma a idonka za ta ƙare. Ka ari ƙaramar bulowa, ka fitar da na'urar tsakar gida, ka ɗaura takunkumi, ka hura daga ɗan nesa. Ka tokare fankar ciki da tsinke kafin ka fara, domin idan iska ta juya ta fiye da ƙima tana lalacewa. Wayar da ta fara ƙin caji sai an karkata ta an jingina da kofi, sau da yawa ba cajar ba ce, zaren aljihu ne da ƙura suka danƙare a ramin. Ka kashe wayar, ka sa tsinken sakace na itace, ka zaƙulo a hankali. Allura da fil ka bar wa tela. In hannunka yana rawa, masu gyara a kasuwar Farm Centre ta Kano suna gama wannan kafin ka gama gaisawa da su.

Ƙofa da taga ba sa buƙatar dogon bayani. Ranar da gari ya yi fari, rana ta koma kamar wata, a rufe tagogin gabas da arewa, a tura tsohon tawul mai ɗan laima ƙarƙashin ƙofa, takalma su tsaya waje. A wanke ragar taga da labule kafin su canza launi. Bayan firji, idan mai ƙarafa ne a waje, a bi shi da buroshi. Farantan sola a wanke su da ruwa zalla da sassafe ko bayan la'asar, ba da tsakar rana ba lokacin da gilashin ya ɗauki zafi. Mutane da yawa suna zargin batir a watan Janairu, alhali faranti ne ya sha hoda a kan rufi.

Akwai inda hannunka zai tsaya. Tsohon talabijin mai ƙeya yana riƙe wuta mai ƙarfi a cikinsa ko bayan an cire shi daga soket, haka inbata. Waɗannan ba a buɗe su don son sani, kada garin neman gira a rasa ido. Idan fanka ta fara kuka kamar babur, ko na'ura tana kashe kanta bayan ta ɗan yi aiki, ko ka ji ƙaurin roba, ka ɗauka ka kai wa mai gyara. Zai kwance, ya ɗago wani abu mai kama da audugar katifa, ya dube ka ya ce, "Alhaji, wannan gona ce ko dikoda?" Ka yi dariya ka biya. Kuɗin hurewa bai kai rubu'in kuɗin sabuwa ba. In ya ce ya tarar da kyankyasai sun tare a ciki, kada ka yi musu, ɗumi suke bi, su ma sanyin nan yana damunsu.

Babbar shara kuma lokacinta ƙarshen Maris ne zuwa Afrilu, kafin ruwan farko. Ƙurar da ta kwanta a kan allon na'ura tana bushe duk hunturu, zafi kawai take riƙewa. Da damina ta kama, sai ta tsotsi laimar iska, ta fara ɗaukar wuta daga layin da ya dace zuwa wanda bai dace ba, ta kuma sa ƙarfe tsatsa. Shi ya sa wani talabijin yake ƙetare hunturu lafiya lau ya mutu a watan Yuli, a yi ta tsine wa masu wuta. Kuma watannin nan biyu suna cikin mafi zafi a shekara, lokacin da na'ura ta fi buƙatar hanyar iska a buɗe. Ka ware Asabar guda, ka fito da kayan tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, ka ba autan gida buroshi ya riƙe maka, tunda shi ya fi kowa sanin inda ƙurar take.